Mardok ta itatuwa da Mardok ta gidaje: wa ya ari sunan wani?

Dan_Baladji: Assalamu alaikum mutanen gida. Ga magana na kawo a tattauna. Nan Gaundare muna da dajin shaƙatawa da ake kira Bois de Mardock, muna kuma da unguwar Mardok. Suna ɗaya, wuri biyu. Baƙo in ya sauko daga jirgin ƙasa ya ce a kai shi Mardok, sai an tsaya ana tambayarsa wajen itatuwa zai je ko gidan wani. Ni dai abin da na lura da shi, duk inda lambu da unguwa suka haɗa suna, lambun ne ke fara zuwa. Mutane su ga inuwa, su yi gini a gefe, su ari sunan, daga baya su cinye itatuwan, sai suna ya rage. Haka abin yake a garuruwanku? Kuma ba ku ganin ya kamata meri, wato hukumar gari, ta raba sunayen, kowa ya san nasa?

MaiKlando_237: Wa alaikumus salam. Yaya, don Allah kar ka jawo mana aiki. Shekara da shekaru ina kan moto, ban taɓa ganin wanda ya kwana a titi don suna ya zo ɗaya ba. Tambaya ɗaya ce: ciki ko unguwa? Shi ke nan.

Hajiya_Domayo: Wa alaikumus salam ɗana. Mu a Marwa lambun namu a bakin titi yake. Darbejiya ce jere daga wannan kai zuwa wancan, ka yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa ka ba. Ba wanda ya kewaye ta da waya, ba wanda ya sa mata suna, ba a biyan ko dala. Ni wannan ta fi mini.

Rumde_Boy: @Dan_Baladji zancenka bai zauna ba a Garwa. Rumde Ajiya unguwa ce tun kafin filin ƙwallo. A 1978 aka gina filin, shi ya ɗauki sunan unguwa, ba unguwa ce ta ɗauki nasa ba. Yanzu duk wanda ke Duwala ko Yawunde in ya ji Roumdé Adjia filin yake tunani, bai ma san akwai mutane da ke kwana su tashi a wurin ba.

Dan_Baladji: Filin ƙwallo daban, ƙanena. Ni wurin itatuwa nake magana, inda mutum zai kai iyalinsa su sha iska.

Rumde_Boy: To ai ciyawa ce a ciki, kuma ana shayar da ita fiye da yadda ake shayar da mu.

Bakano_a_Garwa: Ku daina ambaton wannan fili, kuna tayar mini da tsohon miki. Janairun 2022, a gasar kofin Afirka, mu 'yan Najeriya muka ci Masar ɗaya da nema a nan, muka ci Sudan, muka ci Gini Bisau, duk garin ya zama kore da fari, har muna cewa Garwa gida ce. Sai Tunisiya ta zo ta yi mana ɗaya mai ban haushi, muka tattara. Amma kan maganar Malam Dan_Baladji, Kano tana goyon bayansa rabi. Gidan zu na Audu Bako an yi shi ne farkon shekarun 1970, lokacin wajen duk bayan gari ne. Yau in ka ce Zoo Road, ba wanda zai kawo zaki a ransa. Shaguna ne, gidajen abinci, ofisoshin 'yan fim. Gidan dabbobin yana nan, sai dai gari ya zagaye shi ta ko'ina, har an taɓa maganar a ɗauke shi a mayar Tiga.

Tela_Shikago: Salamu alaikum daga ƙasar sanyi. Ni ɗan Yelwa ne na Garwa, ina zaune a Shikago, kuma wannan abu da kuke magana a kai nan ne gidansa. Unguwannin garin da yawa sunansu da "Park" yake ƙarewa. Babban misali Lincoln Park. Wani ɓangaren wurin da maƙabartar gari ce, aka kwashe kaburbura aka mai da shi wurin shaƙatawa, aka sa masa sunan shugaba Lincoln a 1865, shekarar da aka kashe shi. Unguwar da ke gefe ta ɗauki sunan. Har nan Yaya Dan_Baladji ya yi daidai, lambu ne ya riga. Inda ya kuskure shi ne cinyewar. Wannan wurin bai ragu ba, ƙaruwa ya yi ta yi, don har bakin tafkin Mishigan suka riƙa cikewa da ƙasa suna ƙara shi, yanzu tsawonsa ya kai kilomita 11. Akwai gidan dabbobi a ciki, shiga kyauta. Kuma gidan da ke kallon itatuwan ya fi na bayansa tsada nesa ba kusa ba, shi ya sa masu gidajen da kansu ne ke tashi tsaye in aka ce za a taɓa reshe ɗaya. Sunan ya zama dukiyarsu, dole su tsare abin da ya ba su shi.

MaiKlando_237: Tela, can in ka ce wa mai taksi Lincoln Park ina yake kai ka?

Tela_Shikago: Ba a faɗin haka ma. Lambar gida da sunan titi kake bayarwa, waya ta ja shi har ƙofa.

MaiKlando_237: Ka ji bambancin ke nan. Mu nan adireshi shi ne "ka wuce karfur, ka bar injin niƙa a hannun hagu, gida mai jan ƙyaure kusa da masallaci". In aka raba sunan Mardok gida biyu, alama ɗaya aka rage mini. Dajin shi ne abin da kowa ya sani, daga shi nake lissafa sauran lunguna. Wanda ya ce a raba bai taɓa neman gidan biki da ƙarfe tara na dare ba, ruwa na zuba, amarya na bayansa tana kuka.

Yar_Sabangali: Amarya a kan moto? Allah ya shirye ka. Gaisuwa daga Injamena. Ni rikicin da ya fi damuna ba na lambu da unguwa ba ne, na unguwa da unguwa ne. Sabongari akwai a Garwa, akwai a Gaundare, mu nan muna da Sabangali a bakin kogin Shari. Goggona ta aiko da kilishi da turaren wuta ta wata ajans ta motocin haya, aka rubuta sunan unguwa kawai da lambar waya, lambar kuma an tsallake ɗaya. Kayan sai da suka yi yawon garuruwa kafin su dawo hannunta, kilishin ya riga ya sha hannu.

Baffa_Kusiri: 'Yata, wannan ai tsohon abu ne. Lopere akwai a Garwa akwai a Marwa. Madagaskar akwai a Yawunde, akwai a Duwala, akwai a Gaundare. Plato kuwa kusan duk garin da Nasara ya zauna sai ka same ta. A Garwa akwai Marware, a Marwa akwai Duwalare. Mutum in ya yi ƙaura da sunan garinsu yake tafiya, haka Allah ya yi mu. Zamaninmu in za ka aika wasiƙa, sunan gari ne farko, sannan na maigidan da kowa ya sani, unguwa daga baya.

Tela_Shikago: Baffa, Turawa ma haka suke. Hyde Park ta asali tana Landan, Sarki Henry na takwas ya ƙwace ta daga hannun 'yan coci a 1536 don farauta, aka buɗe wa jama'a a 1637. Wani mai sayar da filaye, Paul Cornell, ya sayi fili nan Shikago a 1853 ya sa wa sabuwar unguwarsa wannan suna don masu kuɗi su saya. Yau jami'ar Shikago a cikinta take. A Johannasbag ma akwai unguwar Hyde Park. Wani lokacin sunan lambu talla ne kawai.

Malam_Azhari: Bismillah. Na karanta duka, ina ganin kowa ya riƙe gefe ɗaya. Bari in kawo na Alƙahira, don duk ɗalibin Cadi ko Kamaru da ya yi karatu a Azhar ya san Azbakiyya, can muke zuwa sayen tsofaffin littattafai da araha. Sunan ya samo asali daga wani amiri, Azbak, wanda ya gyara tafki ya yi gine-gine a wurin wajen ƙarshen ƙarni na 15. Unguwa ta kafu a bakin ruwan. Daga baya aka cike tafkin, sai a 1872, zamanin Khidiwi Isma'il, aka tsara lambun a kan salon na Faransa. Ka ga a nan unguwa ta riga lambu da shekaru ɗaruruwa, saɓanin abin da Malam Dan_Baladji ya ce. Amma ɗaya rabin maganarsa ya tabbata, don lambun ya sha yanka. An ratsa titi ta cikinsa, an gutsure nan an gutsure can. Gidan waƙe-waƙen da ke kusa da shi ya ƙone a 1971, aka gina wurin ajiye motoci mai hawa-hawa a madadinsa. A garin nan ɗaya kuma, aka ɗauki juji na shekaru wajen 500 aka mai da shi lambun Azhar, aka buɗe a 2005. Saboda haka ni ban ga wata ƙa'ida da suna yake bi ba. Abin yana hannun masu gari.

Rumde_Boy: Malam, takaice mana: Dan_Baladji ya ci ko ya faɗi?

Malam_Azhari: Ya samu rabin maki, kamar yadda Bakano ya ba shi.

Jiyometir_Benuwe: Aikina awon filaye ne, bari in faɗi yadda ake cinyewar, don ba da rana ɗaya ake yi ba. Idan za a yanka sabuwar unguwa, a takarda dole a ware wurin makaranta, kasuwa, hanya da filin itatuwa. A Kamaru dokar tsara birane ta 2004 tana nan, dokokin ƙasa na 1974 suna nan. A taswira za ka ga wurin an shafa masa kore, gwanin kyau. To amma ba a dasa komai, ba a kewaye, ba a kafa allo. Shekara ta farko yara na buga ƙwallo. Ta biyu a fara zuba shara. Ta uku wani ya ce sharar ta dame shi, bari ya share ya kafa rumfar sayar da itace. Sai rumfa ta zama bulo huɗu, bulo ya zama shago. Ranar da ka je da na'ura neman born ɗin da aka kafa, wato alamun iyaka, sai ka tarar an tumɓuke su, mutum ya fito maka da takarda mai hatimi. A wata unguwa da na yi aiki, ba zan faɗi garin ba, har yau mazauna na ce wa wurin "jardan", wato lambu, alhali gidaje ne cunkus, ko tsiron zogale babu. Shi ya sa nake ganin haɗa suna ba shi ne ciwon ba. Filin da ba shi da suna ma ya fi saurin tafiya. Wanda jama'a suka san sunansa, suna zuwa ɗaukar hoton aure a ciki, in aka kai masa gatari za a ji ihu.

Dan_Baladji: Injiniya, ka ba ni hujja da bakinka. "Jardan" babu jardan. Abin da nake tsoro ke nan, jikokinmu su riƙa cewa Mardok suna zaton sunan unguwa ne kawai. Nan garin muna da unguwar Onaref, sunan ofishin raya dazuzzuka ne na da. Yaran yanzu nawa suka san haka?

Jiyometir_Benuwe: To in ka canja wa unguwar suna, itatuwan za su dawo ne? Katanga da takardar mallaka da sunan gari, su ne magani.

Inna_Kollere: Ku maza kuna ta zancen taswira. Ni tambayata, wa ke zuwa waɗannan wuraren? Nan Garwa akwai gidan dabbobi, akwai Parc Boisé. Da sallah muna kai yara, su yi lilo, a sha sanyi, a dawo. Sauran ranakun shekara fa? Mace mai aure in ta ce za ta je ta zauna ita kaɗai ƙarƙashin itace, kafin ta dawo labari ya riga ta isa gidan surukai. Ga kuɗin moto zuwa da dawowa, ga na shiga, ga yara biyar kowa na son abin sha. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta ta ɗauke, abin da nake bukata itace ne a ƙofar gidana, ba wanda sai na yi kwalliya na je masa ba.

Hajiya_Domayo: Allah ya yi miki albarka, ƙanwata. Abin da na faɗa tun farko ke nan, aka wuce ni aka tafi Amurka.

Yar_Sabangali: Hajiya, ku riƙe darbejiyarku da kyau. Mu muna da manyan itatuwa a titin Charles de Gaulle, tsofaffi tun zamanin Nasara. Bayan yaƙin Fabrairun 2008 aka sare su. Wanda ya san titin da, in ya bi yanzu da azahar sai ya ji kamar ba garin ba. An yi mana Place de la Nation don bikin cika shekara 50 da samun 'yanci, wuri ne babba, da yamma ana zuwa motsa jiki da ɗaukar hoto. Amma da rana ko kare ba ya tsayawa.

Abba_Farsha: A yi adalci dai, 'yar'uwa. A 2008 ɗin nan aka fara dashen itatuwa kewaye da gari ta wajen Gawi, aka kuma hana gawayi ba da jimawa ba. Mun sha wahalar girki a lokacin, amma an yi wani abu.

Yar_Sabangali: An dasa, na yarda. Wa ya shayar?

Abba_Farsha: Wannan kuma sai ki tambayi awakin gari.

Baffa_Kusiri: Kan batun meri ta canja suna, ni na ga iri biyu. Garinku Fort-Lamy ne har 1973, Tombalbaye ya mai da shi Injamena, kuma ya zauna daram, yau sai tsofaffi irina ke tuna na da. Namu ma Nasara ya kira shi Fort-Foureau, mutane suka ci gaba da cewa Kusiri har hukuma ta biyo su. Amma ku dubi cikin Injamena, titin nan da kowa ke ce wa na mita 40, yana da suna a takarda, wa ke kiransa da shi? A Yawunde unguwar 'yan'uwanmu har gobe Brik ce, saboda wurin yin bulo na zamanin Jamus da ko ɓurɓushinsa ba ka gani. Suna in ya kama bakin mutane, sufurefe, wato jami'in mulki na yanki, ba ya cire shi da takarda.

Dalibi_Dang: Baffa ya ambaci Yawunde, sai na tuna gidan dabbobin Mvog-Betsi. Shi ma sunan unguwar ya ɗauka, unguwar kuma sunan zuri'ar masu ƙasar ce. Ƙari a kan na Rumde ke nan. Mu nan Dang, kusa da Gaundare, abu uku ne ma: ƙauye, tafki, jami'a. In ka ce wa Baba "ina Dang", shi dai a ransa kana aji.

Bakano_a_Garwa: Alhali kana bakin tafki da 'yar mutane.

Dalibi_Dang: Alhaji, a rufa asiri, akwai yayyena a gidan nan.

Jiyometir_Benuwe: Wani abu da ba a taɓo ba: yawancin filayen da ake barin su kore a taswira ba don ado aka bar su ba. Kwari ne, hanyar ruwa ce. In aka cike su da gini, ruwan ba ya fasa zuwa. Mutanen Garwa sun tuna 2012. Na Waliya da Tukra a Injamena sun tuna 2022, da kwalekwale ake shiga unguwa. Ba na cewa duk laifin gini ne, ruwan ya yi yawa a shekarun nan, Shari da Logon sun cika sun batse. Amma mai gini a hanyar ruwa shi ake fara gaisarwa.

Abba_Farsha: Injiniya, talaka bai sayi kwari don yana so ba. Nan ne kuɗinsa ya kai. Tudun duk an rabe.

Inna_Kollere: Gaskiya ɗaya ce. Kuma ku lura, a garuruwanmu inda manyan itatuwa suka tsira: maƙabarta, bariki, gidan mishan, sai ƙofar fada. Duk wurin da ake jin tsoron mai shi.

Malam_Azhari: Inna ta faɗi magana. Da masu hali za su riƙa sayen fili a tsakiyar unguwa su yi waƙafinsa, a dasa itatuwa, a rubuta a gaban lamido da hukuma, da ya fi ƙarfin mai gatari. Dashen itace sadaka ce, duk wanda ya ci daga gare shi, mutum ko tsuntsu ko dabba, mai dashen na da lada. Muna gina masallaci uku a layi ɗaya, ba inda masallatan za su zauna a inuwa bayan la'asar.

Rumde_Boy: Malam, wannan sai a hudubar Juma'a, a nan za a ce ka shiga siyasa.

Dan_Baladji: Na ji duka. Na karɓi na Rumde da na Azbakiyya da na Mvog-Betsi, akwai inda unguwa ke riga. Amma ba wanda ya kawo mini gari ɗaya a ƙasashenmu, ban ce Amurka ba, inda gidaje suka zagaye lambu kuma lambun ya ƙaru. Har yanzu ina nan kan cewa in unguwa ta ɗauki sunan, a fara ƙirga itatuwan.

MaiKlando_237: Ka ƙirga, Yaya, ba wanda ya hana ka. Sunan dai a bar mana shi yadda yake.

Hajiya_Domayo: Injiniya, tambaya ta daban. Darbejiyar ƙofar gidana saiwarta ta fara tsaga katangar maƙwabci, ya ce sai na sare. A bakin titi take, ba cikin filina ba, amma marigayi maigidana ne ya dasa ta. Wa ke da iko da ita, ni ko shi ko meri?

Jiyometir_Benuwe: Hajiya, kar ki bari kowa ya sa mata gatari tukuna. Ki fara kai maganar wurin jauro, mai unguwa, a je a duba tare. Sau da yawa rami ake haƙawa ta gefen katangar a datse saiwar da ta shiga, itacen ya zauna. Ki turo mini hoton wurin ta akwatin sirri in ga nisan da ke tsakani.